Darasi daga teburin ƙorafi: ɓarawon waya layi yake nema

Wanda aka ƙwace wa waya yakan fara da kukan kuɗin wayar, alhali layin da ke cikinta ɓarawon yake nema. Duk wanda ya zauna a teburin karɓar ƙorafin masu ajiya a banki ya san wannan. Kulle fuskar waya ba ya kare layi: a zare sim, a sa shi a ƙaramar waya mai madannai, shi ke nan.

Daga nan sai ɓarawon ya danna *565*0#, BVN mai lamba 11 (lambar shaidar mai asusu da ke haɗe dukkan asusunsa na banki) ta fito masa. Ya riƙa gwada lambobin USSD na bankuna (gajerun lambobin da ake dannawa a yi hulɗa da banki ta waya) ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda asusun yake. Lambar OTP da banki ke turowa don tabbatar da mai asusu, hannunsa take faɗawa. Abin da ya fi ciwo ma ba kwashe ajiya ba ne. Da layi da BVN yana iya cin bashi a manhajojin ba da rance da sunan mai layin, wanda ba zai sani ba sai an fara kiransa ana neman biya. Kuma tun 2020 tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya bai wa bankin da ya ba da rance damar cire kuɗinsa daga sauran asusun da ke kan wannan BVN.

Rigakafin bai fi minti biyu ba: a sa wa sim ɗin kansa PIN daga saitin waya. Kuskure uku ya kulle, ba ya buɗuwa sai da PUK, lambar buɗe sim mai lamba 8, da ke jikin katin da aka ɓallo sim ɗin, don haka a adana katin a gida.

In an riga an sace, banki ake fara rufewa kafin a tafi ofishin kamfanin layi. Bankuna suna da lambar rufe asusu daga wayar kowa, kamar *966*911# ta Zenith. A rubuta ta a takarda tun yau, domin mai firgici ba ya tuna lamba.

Bayan wata ɗaya ko biyu a nemi rahoton bashi daga kamfanonin da ke adana tarihin bashin mutane, wato CRC, FirstCentral ko CreditRegistry. Dokar rahoton bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoto kyauta sau ɗaya a shekara, kuma a nan rancen da ba ka ci ba yake bayyana, ka shigar da ƙorafi a rubuce.