Godiyar gidanmu bayan jana'izar Baba

Salama gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Yau kwana tara ke nan da muka sa Baba a makwancinsa. Baƙi sun watse, an naɗe rumfa, Mama ta fara ɗan runtsawa da dare. Ita ta ce in rubuta wannan a madadin gida, tun da ba ta da ƙafar bin kowa har ƙofar gidansa. Ta kuma ja mini kunne kada in cika surutu. Ku yi haƙuri, Mama, ba na jin zan iya taƙaitawa.

Wata goma sha huɗu Baba ya yi a kwance bayan hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki na dama. Duk tsawon lokacin nan tukunyarmu ba ta taɓa kwana a kife ba. Matan zumuntar majami'a suka raba kwanaki tsakaninsu, wannan ta kawo kunu, waccan ta kwashe wanki. Samarin ƙungiyar mawaƙa kuwa bibbiyu suke kwana, suna juya shi don kada bayansa ya yi gyambo. Akwai yaron da ke zuwa da reza duk Asabar ya yi masa aski, domin ya san Baba ba ya son Lahadi ta same shi da gemu buzu-buzu, ko da a kan gado zai yi sujadar. Ma'aikaciyar jinyar da ta riƙa zuwa gida bayan ta tashi aiki, ba ta taɓa karɓar ko kuɗin mashin ba. Allah ya saka muku, ya tsaya muku ranar taku buƙatar.

A wurin jana'iza kusan duk wanda ya tashi magana sai ya ce Baba ya ba da kome saboda Almasihu. Gaskiya ne. Amma ni da na girma a cikin gidan ina so in ƙara abin da ba a faɗa a kan bagade: cikin abin da ya bayar, akwai namu.

Baba Bamaguje ne daga ƙasar Malumfashi. Yana saurayi 'yan Sabon Rai Don Kowa suka shigo ƙauyensu da waƙa da wa'azi, ya ba da gaskiya. Da lokacin yanka na tsafin gida ya zo, ya ce shi ba zai riƙe akuya ba, ba zai ci naman ba. Wanda ya san gandu ya san ma'anar wannan. Gona ɗaya ce, rumbu ɗaya, mai gida ɗaya. In ka fita daga tsafin gida, ka fita daga rumbun. Kakanmu ya ce ya zaɓa. Ya fita da tabarma da fartanya. Daga baya ya sami aiki a wata masaƙa a Kakuri, Kaduna, zamanin da aikin masaƙa ke aurar da mutum ya kuma saya masa keke da rediyo. Nan ya auri Mama, nan aka haife ni. Sai ya sake ajiye wannan ma, ya tafi makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro, daga can EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ikilisiyarmu, ta tura shi wani ƙauye da in damina ta sauka ko babbar mota ba ta shiga. Shekara 35 ya yi a filin bishara.

Yakan ba mu labarin mutum uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a ƙarshen 1893. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, ba su ga ko mutum ɗaya ya yi baftisma ba. Baba yana ba da labarin nan idonsa na ƙyalli. Ni kuwa ina yaro abin da nake tunani shi ne, su dai ba su da 'ya'ya masu jiran kuɗin makaranta.

Ba zan ɓoye ba, na daɗe ina fushi da shi. A 1984, shekarar farin nan, ƙanwata ta kamu da ƙyanda. Baba ya goya ta a keke zuwa asibitin da ya fi kusa, tafiyar wuni. A hanya ta cika. Ya juyo da ita a goye. Shekararta uku. Da muna Kakuri, asibiti tafiyar ƙafa ce. Wannan lissafin ban daina yinsa ba har na yi aure na haifi nawa. Ranar Lahadin da ta biyo baya ya tsaya gaban mutum goma sha ɗaya a majami'ar jinka ya yi wa'azi, ni kuma na zauna a baya ina jin kamar in tashi in fita.

Ayar da ya fi so ita ce Luka 14:28, inda Yesu ya ce mai son gina bene ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci. Duk saurayin da ya zo ya ce yana jin kira, Baba ba ya saurin yi masa murna. Sai ya ce ya je ya yi wata uku yana lissafi, ya tambayi matarsa ko wadda zai aura, sa'an nan ya dawo. Da yawa ba su dawo ba, bai kuwa taɓa zarginsu ba.

Wani dare a watannin ƙarshe, ni kaɗai nake tare da shi, na yi ƙarfin hali. Na ce, “Baba, da kuka yi lissafin nan, kun sa mu a ciki?” Harshensa ya riga ya yi nauyi, sai da na kai kunne. Ya ce, “Na sa ku. Ban san tsadar za ta kai haka ba.” Ya yi shiru, ya ce in yafe masa. Bai ce ya yi nadama ba, ni ma ban tambaye shi ba, domin na san amsar. Na yafe, muka yi addu'a, na gyara masa matashi.

Saboda haka godiyata ta musamman ga waɗanda suka biya bashin da ba su ci ba.

Baba Alhaji, maƙwabcinmu na wancan lokaci. A watan Maris na 1987, da rikicin Kafanchan ya bazu har Zariya da Funtuwa ana ƙona majami'u, ku kuka shigo gidanmu da dare kuka ce mu taso. Kwana uku muka yi a ɗakin uwargidanku, kuna zaune a zaure da carbi a hannu, duk wanda ya tambaya kuka ce baƙinku ne. Kun zo jana'iza ana riƙe da ku, kun zauna cikin rana har aka gama. Har gobe Mama in ta ambace ku sai ta ce “yayana”. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Gwaggo mai ƙuli-ƙuli, shugabar zumunta ta dā. Ku kuka kwance bakin zane kuka biya mini kuɗin jarrabawar WAEC shekarar da aka yi wata biyar ɗan abin da ake aiko wa Baba bai iso ba. Kun ce kada in gaya wa kowa. Na riƙe shekaru, yau na karya alkawari, ku yi mini aikin gafara.

Ƙananan ikilisiyoyin da Baba ya kafa, guda shida, kun zo da buhunan masara da dawa da kaji, wasu a kan mashin, wasu a ƙafa. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce Baba ne ya koya masa karatu da Littafi Mai Tsarki na Hausa a gindin tsamiya, yanzu jikarsa malamar asibiti ce a ƙauyen nan da ba shi da asibiti a 1984. Ban sami abin ce masa ba. Fastoci da dattawa da wakilan gunduma da kuka ɗauki nauyin sujadar jana'iza, da masu dafa abinci, da masu ɗebo ruwa, mun gode ƙwarai.

Baffa, ƙanin Baba. Dangi da yawa sun musulunta bayan rasuwar Kaka, aka raba gandu ba a kira Baba ba, shi kuma bai taɓa kai ƙara ko gaban mai unguwa ba. Shekaru ana gaisuwa daga nesa. Da aka sanar da rasuwa, kafin mu yanke shawarar inda za a binne shi, sai ga saƙonku: a kawo Yaya gida. Kuka nuna wuri a gefen gonar, kuka sa 'ya'yanku suka haƙa kabarin tare da samarin majami'a. Baffa, mun gani, mun kuma riƙe.

Mama kuwa, ban san ta inda zan fara ba. Baba ne ya ji kira, ku kuka bar ɗakin siminti da famfo. Ku kuka yi dakau, kuka sayar da itace, kuka binne 'ya, ba a taɓa kiran sunanku a wani taro an ba ku takardar yabo ba. Da na karanta muku wannan kafin in sa, kun ce in cire sakin layin nan, wai ku ma kun yi naku lissafin tun a Kakuri, ba wanda ya ja ku. Na ji, amma ban cire ba.

Akwai manyan tukwane biyu da kwanuka da kujeru bakwai da ba mu san masu su ba, suna nan a zaure, a zo a duba. Keken Baba da Littafinsa mai bangon fata, ya bar wasiyya a ba mai bisharar da ke riƙe da majami'arsa ta farko. Za mu kai masa bayan girbi. Mama ta ce ba za ta bi ni birni ba, a nan za ta zauna kusa da kabarin. Wanda hanya ta biyo da shi ya leƙo ya gaishe ta, an fi samunta a gida da yamma.

Ni ne ɗansa na fari, a madadin Mama da ƙannena da jikoki.