Tirelar shanu mai tsawon kamu ɗaya

Shagona ɗan ƙarami ne a Aboabo, cikin Kumasi: tebur biyu, yaran aiki uku. Manyan motoci muke ƙerawa, amma 'yan ƙanana na ado, kan DAF ko MAN ko Benz da bodinsa, irin waɗanda ke ɗauko shanu daga Burkina Faso da Mali, su shigo ta Paga, su biyo Bolgatanga da Tamale da Techiman su sauke a Kumasi, wasu su zarce har kasuwar Tulaku a Ashaiman. Ba ma sayen komai a haɗe. Daga taya har madubi da hannunmu muke fitarwa.

Kamar kowane yaron zango, da gwangwanin madara da tsohon silifas na fara, ina jan motata da zare a lungu. Da na yi wayo aka kai ni Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, koyon walda, kuma a can na san cewa mota ba daga sama ake ganinta ba, sai ka kwanta a ƙarƙashinta. Har yau, in aka ba ni aiki, hoton waya kaɗai ba ya isa ta. Sai na ɗauki tef na je inda motar take fake, na auna ta da kaina.

Ma'auninmu ɗaya bisa 25 ne. Bodin da ya kai mita 13.6 yana dawowa santimita 54.4, wato kamu ɗaya da ɗan ɗori. Faɗin mita 2.5 ya zama santimita 10. Fegin ƙarfen nan da ke riƙe bodi a kan faifan bayan kan mota, wanda da shi ne kai ke jan bodi da shanun cikinsa, kaurinsa milimita 50 ne, a wurinmu ya koma milimita 2. Ƙusa nake gogawa har ta kai haka, kuma dole ta shiga ta kulle, kai ya juya hagu da dama. Motar da ba ta iya karya kwana ba ta fita daga shagona.

Taya ce ke cinye mana lokaci. Kai mai aksil uku taya 10 gare shi, bodi mai aksil uku yana da 12, ga safaya. Kowace sai an yanka ta daga roba, a zagaye ta a kan injin huda, sannan a zauna da reza ana fitar da zanenta layi-layi. Yaron da ya zo koyon aiki nan nake fara zaunar da shi wata uku. Wanda ya jure taya zai jure sauran.

Shasi da falankin alminiyom muke yi, sifirin kuma da siraran yankan gwangwani a jera su bisa juna. Kan mota da katakon da ake kira wawa nake sassaƙawa, don yana da laushi kuma ba nauyi. A kasuwar katako ta Sokoban nake tsinto guntayen da kafintoci suka rage. Sai dai wawa yana shan laima. In ka sassaƙa shi ɗanye da damina, hunturu na shigowa zai tsuke, ƙofa ta ƙi rufuwa, fenti ya tsage. Shi ya sa katakon da zan taɓa bana tun bara yake rataye a saman shago.

Bodin shanu kuwa shi ne inda raina yake. Buɗaɗɗe ne a sama, da sanduna a gicciye inda yaran mota ke zama dare da rana, suna lura kada wata saniya ta faɗi a tattake ta. A ƙasa ana zuba yashi da ciyawa don kada kofato ya zame. Ni ma yashi nake tankaɗewa na manna a daɓen bodin, na ɗaura igiyoyi da zaren buhu, na rataya 'yar jarka da buta a gefe. Shanun da katako nake yin su, farare da jajaye masu dogon ƙaho, ƙahon kuma na gaske ne, guntayen da nake samowa wurin mahauta a Kaase na goge su har su yi siriri kamar tsinken sakace.

Masu sayenmu yawanci direbobi ne da fataken shanu, sai masu motocin da ke son ajiye ɗaya a ofis. Kuma su ne suka gyara mini aiki. Wani dattijo da ya ajiye tuƙi saboda ciwon ido, 'ya'yansa suka sa na yi masa tsohuwar DAF ɗinsa. Sati bakwai na yi a kanta, na fesa mata fenti tana ƙyalli, na sa lamba rawaya mai AS, alamar yankin Ashanti, irin ta motocin haya. Da na kai masa gida, ya ɗora ta a cinya yana bin ta da yatsa, bai ce komai ba har na fara tsarguwa.

"Ɗana, aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma wannan ba tawa ba ce."

Na ce, "Baba, me na rage?"

Ya ce tasa tana da lotsawa a bamban gaba ta hannun dama, inda wani bijimi ya tunkure ta ana lodi. Tsanin hawa bodi kuma ba na kamfani ba ne, shi ya sa aka walda masa, matakinsa na uku a karkace yake, ƙafarsa ta san shi ko cikin duhu. Tankin mai guda biyu ne, don tafiyar arewa.

Na dawo da ita shago. Na ɗumama bamban na lotsa shi, na sake tsani, na ƙara tanki, na dusashe fentin da takardar guga, na shafa jar ƙasa a ƙasan bodi da bayan tayoyi. Kwana tara ya ƙara ci. Da na mayar masa, yatsansa ya tafi kai tsaye kan matakin nan na uku ya tsaya, sannan ya ƙwala wa jikansa kira ya zo ya ga inda yake taka ƙafa in zai hau duba shanu a Kintampo.