Fentin da ke rawa in ka kunna bidiyo

Wannan aiki na mayar da bidiyo ya koma kamar zanen fenti, hoto ɗaya ne ke fara ruɗar mutum. Ka ciro firam guda, wato hoto ɗaya daga cikin bidiyon, ka ɗora masa filtar Oil Paint mai mayar da hoto kamar fentin mai a manhajar Photoshop, sai ka ga ya yi kyau har ka ji kamar ka gama. To amma fa bidiyo irin na fim hotuna 24 ne a duk sakan, sakan 10 kaɗai firam 240 kenan, kuma ita filta ba ta san me ta yi wa firam ɗin baya ba, kowanne sabuwar shafa take masa. Kana kunnawa sai ka ga bangon da ke tsaye yana rawa, kuncin mutum yana ɓal-ɓal, kafin minti ɗaya ido ya gaji.

Ni dai abin da na koya, rabin maganin tun wajen ɗauka yake. A kafa kyamara a kan ƙafarta kar ta motsa, haske ya zauna ɗaya, kar a sa wa mutum riga mai ƙananan zane, don waɗannan su ne filta ke haukacewa a kansu. Sannan bangon nan a zana shi sau ɗaya tak, a ajiye a leya ta ƙasa, wato shimfiɗar hoton da ke ƙarƙashin sauran, mai motsin kawai za a riƙa taɓawa. Na kan kuma rage firam zuwa 12 a sakan, aiki ya ragu da rabi, kuma abin mamaki ya fi kama da aikin hannu.

Photoshop ma in kana shigo da bidiyo a matsayin leya-leya a firam 500 yake tsayawa, dole ka yanyanka shi gajeru.

EbSynth, wata manhaja ta daban, ya sauƙaƙa min sosai, ka zana firam ɗaya da hannunka shi ya bi da fentin a kan sauran, sai dai da zarar mutum ya juya kai ko ya buɗe baki fentin ya dame, tunda haƙoran babu su a zanenka, sai ka sake zana wani firam daidai wurin. Masu cewa danna maɓalli ne kawai, hmm. Fim ɗin Loving Vincent na 2017 masu zane 125 ne suka yi masa firam kusan 65,000 da fentin mai, su rawar burushin ma da gangan suka bar ta, ga ta nan ko'ina amma hannu ne ke juya ta. Ni a gashi da tufafi nake barinta, ido da baki kuwa sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.