Daga Tasawa zuwa Maraɗi da ɗiyata mai ciwon ciki

Tun ƙarshen damina cikin ɗiyata ya ƙi lafiya. Shekarunta bakwai. Zawo ya zo ya tafi, ya sake dawowa. Ciki a kumbure, gyatsa mai wari, kashi mai kumfa da maiƙo. Ba jini, ba zazzaɓi, shi ya sa kowa ke cewa zai wuce. Ta sha maganin tsutsa, ta sha jiƙon kakarta, an auna kashinta a garinmu aka ce ba a ga komai ba. Amma yarinya sai ramewa take, har siket ɗinta na lakwal sai an ɗaure da zare. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na likitar garinmu, ya rubuta mana takarda ya ce mu tafi Maraɗi.

Bayan sallar asuba muka shiga mota a tashar Tasawa. Tafiyar ta wuce kilomita 100 a kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram. Ga mai lafiya ba wani nisa ba ne, amma wanda ya taɓa ɗauko yaro mai zawo a motar haya ya san abin da nake nufi. Na riƙe buta, da zane na biyu, da gorar ruwan gishiri da sukari. Kafin Gazawa ta matse hannuna ta ce, “Inna, cikina.” Na roƙi direba ya tsaya. Wani fasinja ya fara guna-guni, sai wani dattijo ya juyo ya ce masa, “Kai, ba ka da ɗiya ne?” Mota ta yi tsit. Allah ya saka wa bawan Allahn nan, ko sunansa ban tambaya ba.

Daga Agye zuwa Cadawa gonaki duk an girbe, rumbuna a cike, buhunan aya jere a bakin hanya. Itatuwan gawo sun yi kore shar a tsakiyar gonaki, albarkar sassaben zamani, wato barin ƙananan itatuwa su girma a gona, da manoman yankin suka riƙe. Ita kuwa tana barci a cinyata, ba ta ga ko ɗaya ba.

A unguwar Zariya muka sauka, gidan yayata. Da ta ga yarinyar sai ta ce, “Haba ƙanwata, haka ta koma?” Ba ta ƙara ba, ta shiga ta dama mata kunu.

Washegari ɗan kabu-kabu ya kai mu asibiti. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5, to tawa ta wuce nan, komai da kuɗinsa. A bencin jira na zauna da mata daga Dakoro, daga Mayahi, daga Madarunfa, kowacce da takardunta cikin leda. A nan ake sanin juna: wadda ta riga ki zuwa ita ke nuna miki inda ake biya da inda ake ɗibar jini.

Likitan da ya gan mu bai yi gaggawa ba. Ya tambayi ruwan da muke sha, da launin kashin, da ko tana tashi da dare, da ko akwai wani yaro mai irin haka a gida. Ya sa aka auna nauyinta da tsawonta. Ya rubuta awon jini, da awon emasi, wato sikila, tunda shi ma yana kawo ciwon ciki, da hoton ciki na eko wanda ake yi ba a karya kumallo ba. Da na nuna masa takardar awon kashin da muka yi a gida, sai ya ce:

“Hajiya, awo ɗaya ba ya wanke yaro. Akwai ƙwayar cuta da ba kullum take fita cikin kashi ba. Yau a gan ta, gobe a rasa. Ki kawo sau uku, a ranaku daban-daban, kuma ya iso mana da ɗuminsa.”

Wannan maganar ita ce ta riƙe mu a Maraɗi, kuma ita nake so kowace uwa ta ji. Iyaye da yawa suna karɓar takarda ɗaya su koma gida da tunanin sammu ko iska, alhali abin yana nan cikin hanjin yaro. Ina ganin hakkin ma'aikatan lafiya ne su riƙa faɗin wannan tun ranar farko, ko da jimla ɗaya ce.

Kullum da safe muna kan babur da ɗan kwalabe a jaka. Da yamma yayata kan fita da mu don yarinya ta sake. Mun bi ta gaban fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, mun gangara wajen Gulbi inda masu lambu ke ban ruwa. Mijin yayata ya nuna mana inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu. A babbar kasuwa ta ga mai fura da nono ta yi ta kuka, don likita ya ce a dakata da nono.

Eko bai nuna komai ba, emasi babu, jini kuwa ya yi ƙasa. A awon kashi na ƙarshe aka gan ta: jiyardiya, wata ƙwaya da ake sha cikin gurɓataccen ruwa, ta manne a ƙaramin hanji ta hana abinci shiga jiki. Likita ya ce maganin tsutsar da ake haɗiya sau ɗaya ba lalle ya kashe ta ba. Ya rubuta metronidazol, mai ɗaci har yana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, da maganin ƙarin jini na wata 3. Nono kuwa sai bayan makonni, don hanjin da cutar ta taɓa ba ya iya narkar da shi nan da nan.

A hanyar komawa ba mu tsai da mota ba. Tun daga Cadawa na kira babansu na ce a fara tafasa ruwan randa, don likita ya ce ƙwayar tana jure maganin da ake zuba wa ruwa, tafasa ke kashe ta. Ƙaninta ma ya fara kukan ciki, shi za mu kai awo da zarar an sayar da wake.