Tsofaffin Turawan nan masu baƙar alama a ƙirji

Duk wanda ke yawo a Accra ya san samarin nan na cocin Mormon, bibbiyu suke tafiya, farar riga da nektai ko rana na dukan kai, da ƴar baƙar alama mai suna a ƙirji. Toh ba su ne a raina ba yau. Tsofaffinsu nake magana, mata da miji, furfura fat, waɗanda sun gama aiki sun karɓi fansho sun aurar da ƴaƴa, sai kawai su kulle gida a Amurka ko Kanada su taho nan aikin mishan. Mijin ana ce mishi Elder, matar Sister, ko da ta haura saba'in.

Ina ɗinki a Nima, ta nan na san wasu biyu daga cikinsu. Matar ta sayi atamfa a Makola wani direba ya kawo ta shagona, wai a ɗinka wa jikokinta riguna. Na ce Mama ina awo? Sai ta ciro waya tana nuna mini hotuna, wannan shekara shida, wannan huɗu, wannan kuma ba ta taɓa ɗaukarsa ba don bayan tahowarsu aka haife shi. Ta faɗa tana dariya amma ni dai na ga idon. Haka na yanka da ƙiyasi na ƙara inci a kowacce don yaro kafin ka koma ya wuce inda ka bar shi.

Abin da na fahimta a wajensu, kuma na ji daga wasu, ba a biyansu ko kobo. Su ke ci da kansu daga fanshonsu. Suna zaɓar wata 6 ko 12 ko 18 ko 23, kuma aikin ba irin na samarin ba ne na bi gida-gida, yawanci abin da mutum ya iya a ƙuruciya shi ake sa shi. Tsohon akanta ya zauna ofis, tsohuwar nas ta duba lafiyar samarin nan in zazzaɓin sauro ya kada su, wasu kuma aikin agaji, burtsatse, keken guragu, irin su. Mijin matar nan, da nake ce wa Baba, injiniyan ruwa ne da.

Kuma fa tarihin cocin nasu a ƙasar nan da tsofaffi ya fara. Tun 1964 wani ɗan ƙasa, Billy Johnson, ya samu littattafansu ya tara jama'a yana ta rubuta wasiƙa Salt Lake, hedikwatar cocin a Amurka, a turo musu malamai, shiru, domin a lokacin cocin ba ya ba baƙar fata muƙamin limanci. Sai a watan Yuni na 1978 suka cire wannan dokar, kafin shekarar ta ƙare aka turo ma'aurata biyu, Mabey da matarsa, Cannon da matarsa, suka fara da Najeriya suka iso Ghana suka yi wa mutane baftisma a Cape Coast. A 14 ga Yuni 1989 gwamnatin Rawlings ta dakatar da su tare da Shaidun Jehobah, aka rufe coci-coci aka sallami baƙin mishan, sai ƙarshen 1990 aka ɗage. Mu ƴan zango ba sai an yi mana bayanin kora ba, kakanninmu sun ga korar baƙi da gwamnatin Busia ta yi a 1969. Yau ga babban haikalinsu nan a titin Independence da aka buɗe a Janairun 2004, sun kuma sanar za su gina wani a Kumasi.

Kar wani ya ce Malam tela ya fara tallan coci. Ni Musulmi ne, na faɗa musu, su ma ba su ɓoye ba cewa addininsu suka zo yi wa hidima, ko rijiya suka haƙa da wannan niyyar ce. Kuma kar a zuzuta wahalar. Gida mai iyakwandishan suke zaune, ga mota, ga janareta in an ɗauke wuta, ruwan ma sai an tace. Wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas a Mamobi ba zai tausaya musu ta wannan fannin ba. Abin da ma ya fi damuna da tsarin shi ne gajartarsa, mutum na fara gane hanya, ya iya gaisuwa da Twi, ya daina tsoron yajin waakye, shikenan lokaci ya yi a kawo wani sabo a fara daga farko, burtsatsen da ya sa aka haƙa in famfo ya lalace wa za a kira?

Amma rabuwa da iyali, wannan kam gaskiya ce ba wasa. Tsakanin Accra da jiharsu ta Yuta awa shida ne ko bakwai, ya danganta da lokacin shekara, don haka sanda jikokin ke dawowa daga makaranta nan dare ya yi, tsohuwa ta zauna tana gyangyaɗi tana jiran kiran bidiyo, netwok kuma ya yi halinsa. An yi bikin jikarsu a waya suka kalla. Yayan Baban ya rasu suna nan bai je jana'iza ba. Da ya gaya mini wallahi na ajiye almakashi, na ce Baba, ɗan'uwanka uwa ɗaya uba ɗaya? Ya ce sun yi sallama tun kafin ya taho, don dukansu sun san shekarunsu. A wajenmu wanda ya ƙi zuwa jana'izar yayansa ai sai jikokinsa ma sun ji gorin.

Mu a zango tsufa zama ne. Ka yi wahala da ƙuruciya, in Allah Ya sa ƴaƴa sun tashi sai a kai ka Makka ka dawo ka samu benci ƙofar masallaci, a kawo maka koko da ƙosai, kai ne raɗin suna kai ne ɗaurin aure kai ne sasanta rigimar magada. Aiki ne babba wannan, ban raina shi ba, unguwar da ba dattijo ta shiga uku. Sai dai muna mantawa cewa asalinmu matafiya ne. Alhaji Umaru na Kete Krachi a Kano aka haife shi, ya zo Salaga, bayan yaƙin Salaga na 1892 ya koma Krachi yana karantarwa har ya rasu a can a 1934. Irinsu ne suka kawo allo da tawada ƙasar nan tare da fataken goro. Bambancin shi ne su da ƙarfinsu suka zo kuma ba su koma ba, sun yi aure sun haihu, mu ne jikokin. Yanzu ma akwai dattawa ƴan Tabligh da ke fita kwana 40 ko wata 4 da kuɗin aljihunsu suna kwana a masallatai, amma su wa'azi ne kawai, ban ga ana tambayar mutum me ya iya da hannunsa ba.

Nima da Madina da Fadama cike suke da tsofaffin malaman makaranta da nas-nas da ma'aikatan banki, lafiyarsu ƙalau, tun suna shekara 60 gwamnati ta sallame su. A ƙauyukan arewa kuwa akwai makarantun da malami ɗaya ke riƙe aji uku. Na kai wa kawuna wannan maganar, shi da ya koyar da lissafi duk rayuwarsa, na ce Kawu me zai hana ku je wajen Bawku ko Yendi kai da Hajiya ko zangon karatu ɗaya ne, mu ƴaƴa mu haɗa kuɗin haya. Ya yi shiru kamar abin ya shige shi, har ya fara tambaya ko akwai asibiti kusa saboda hawan jininsa. Hajiya ce ta leƙo daga kicin ta ce ƴarta na da ciki wata bakwai, kuma wa zai yi mata wankan jego, Baturiyar taka? Kawu ya ce toh ka ji, a bari sai bayan suna. Yaron yanzu har ya fara tafiya, ƙanwar uwar ce kuma ke da ciki.