Sa Hannu Shi Ne Abu Na Ƙarshe Da Nake Dubawa

Duk takardar da aka ajiye mini a kan tebur aka ce ta zamanin George Washington ce, shugaban Amurka na farko, abin da nake fara yi shi ne in sa ɗan farin kati in rufe sa hannun. Mai jabu a kan sa hannu yake ƙarar da gwanintarsa, ya rubuta shi sau ɗari har ya zauna masa a yatsu. Abin da ke tona masa asiri shi ne takardar kanta, da tawada, da ninki, da maganar da ke ciki. Idan ka fara da kallon babban suna, zuciyarka ta riga ta saya, sauran binciken neman hujja ne kawai.

Da kuɗina na koyi wannan. Na taɓa sayen takardar mallakar fili ta fata, mai hatimin gwamnati, ta shekarar 1835, da sunan Andrew Jackson, shugaban Amurka na lokacin, rangaɗau a ƙasa. Takardar ta gaske ce, hatimin ma haka, amma ba Jackson ne ya sa hannu ba. A watan Maris na 1833 majalisar dokokin Amurka ta yarje wa shugaban ƙasa ya naɗa sakataren da zai riƙa sa hannu a madadinsa a irin waɗannan takardu, domin sun yi yawa. Da na kalli ƙasan sunan da kyau, ga sunan A. J. Donelson nan, sakataren da ya rubuta. Tun daga ranar, takardar fili da ta wuce Maris na 1833 a wurina ta sakatare ce, ko sunan wa ke kai.

Masu gwanjo suna da haruffan da dole ka sani. ALS wasiƙa ce da mutum ya rubuta da hannunsa tun daga sama har ƙasa kuma ya sa hannu. LS wani ne ya rubuta, shi ya sa hannu kawai. DS takardar aiki ce, kamar ta naɗin hafsa ko izinin jirgin ruwa. Yawancin wasiƙun Washington na lokacin yaƙin neman 'yanci da hannun mataimakansa aka rubuta su, irin su Alexander Hamilton da Tench Tilghman da David Humphreys, bayan yaƙi kuma Tobias Lear. Wannan ba aibu ba ne, sai dai kuɗinsu ba ɗaya ba ne da wadda ya rubuta da kansa. Mafi ƙasa a wurina shi ne sa hannun da aka yanko da almakashi. An yi wannan ɓarnar sosai a ƙarni na 19. Jared Sparks, wanda ya tattara takardun Washington, da kansa ya riƙa raba shafukan wani jawabi da Washington ya tsara bai karanta ba, yana bai wa masu roƙon ɗan rubutunsa. Yankakken sa hannu ba shi da rana, ba shi da magana, babu abin da za ka gwada shi da shi, don haka masu jabu ke son sa.

Takarda nake ɗagawa a gaban fitila tukuna. Ta ƙarni na 18 da tsumman lilin da auduga aka yi ta, da hannu, a cikin wata rariya mai wayoyi. Za ka ga siraran layuka a jere kusa da juna, da wasu masu kauri da suka ratsa su, tazarar kusan santimita biyu da rabi. Takarda mai santsi marar layuka James Whatman ya fito da ita a Ingila wajen 1757, amma ba ta zama ruwan dare a Amurka ba sai dab da 1800. Idan na ga wasiƙar 1770 a kan irinta, ban ce jabu ba ce nan take, amma na tsaya. Sai tambarin da ke ɓoye cikin takarda, wanda haske ke nunawa. Tun daga 1794 masu yin takarda a Birtaniya suka riƙa sa shekara a cikinsa saboda dokar haraji. Wasiƙar da ke ɗauke da ranar 1789 a kan takarda mai tambarin 1801 ta gama magana da kanta: ko kwafi ce da aka yi daga baya, ko jabu. Bayan haka in kashe wuta in haska fitilar ultrabayolet mai tsawon zango nanomita 365. Tsohuwar takarda dushi-dushi take fitowa. Wadda ta yi ƙyalli fari mai shuɗi-shuɗi tana da sinadarin ƙara fari da aka fara sawa bayan 1950. Wannan fitilar ce kuma ke nuna inda aka kankare, da inda aka liƙa faci.

Tawadar zamanin ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san aikin dukawa. Ana jiƙa ƙullutun da ke fitowa a jikin itacen oak, a zuba gishirin ƙarfe, a ɗaure da ƙaro. Haɗuwar nan ce ke sa fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi baƙi idan ruwan ƙarfe ya taɓa ta. Ƙaron ma daga yankin Sahel Turawa ke sayensa, ta bakin kogin Senegal. Wannan tawada tana shiga cikin zaren takarda, kuma da shekaru ƙarfen yana tsatsa, ta koma ruwan ƙasa. Juya takardar: sau da yawa za ka ga inuwar rubutun ta bayan shafi, wani wuri ma tawadar ta ci takardar ta huda ta inda alƙalami ya zubar da yawa. Idan an ninke wasiƙa shekara da shekaru, rubutun kan bar ɗan hoto a shafin da ya kwanta a kai. Da madubi mai ƙara girma sau 10 nake bin layi. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda bazuwa take yi kamar gashi, domin gam ɗin da ke rufe fuskar takardar ya mutu. Inda layi ya ratsa ninki nake daɗewa. In an yi rubutu kafin ninki, tawadar karyewa take yi a wurin, tsaf. In an yi shi bayan ninki, sai ta malala ta bi ramin.

Da alƙalamin gashin dinya aka yi rubutu har zuwa shekarun 1820 da 1830, lokacin da masana'antun Birmingham suka cika kasuwa da bakin ƙarfe. Bakin ƙarfe yana barin siraran ramuka biyu a gefen layi mai kauri, gashi ba ya yin haka. Wasiƙar Benjamin Franklin, wanda ya rasu a 1790, mai irin wannan ramin, ba sai na kalli sa hannu ba.

Ninki ma shaida ne. Kafin 1845 kuɗin gidan waya bisa yawan falle ake biyansa, ambulan kuma falle na biyu ne, saboda haka kusan ba mai amfani da shi. Wasiƙar ake ninkewa ta zama ambulan kanta, a rubuta adireshi a baya, a rufe da jan kaki ko ɗan maliƙi. Ina neman 'yar yagewar da buɗe hatimin ya bari, da dattin hannu a ɓangaren adireshi kaɗai, da ɗan rubutun da mai karɓa kan yi a baya na sunan mai aikowa da rana. Kan sarki na gwamnatin Amurka bai fito ba sai 1847.

Ranaku suna rikita sababbin shiga. Har zuwa 1752, a Ingila da ƙasashen da take mulka, shekara a hukumance ranar 25 ga Maris take farawa, shi ya sa za ka ga an rubuta 1731/2 a takardun Janairu da Fabrairu. A 1752 kuma aka tsallake kwana 11, aka kwana 2 ga Satumba aka tashi 14. Takarda mai ranar 9 ga Satumba 1752 daga Boston abar tuhuma ce. Idan ka ga 7ber, Satumba ake nufi ba Yuli ba, Xber kuma Disamba. Ina kuma duba kalanda in tabbatar ranar mako ta dace da kwanan wata, in tabbatar mutumin yana garin da aka ce a ranar. Rumbun Founders Online na hukumar adana takardun Amurka, wanda aka buɗe a 2013, kyauta ne, kuma yana da wasiƙun Washington, Adams, Jefferson, Madison, Franklin da Hamilton. Idan ya nuna ainihin wasiƙar tana wani ɗakin karatu, to mene ne wannan da ke hannunka? Wani lokaci amsar halal ce: Thomas Jefferson yana ajiye kwafi na matsi, wato a danna wasiƙa a kan siririyar takarda ta ɗauki hoton rubutun, daga 1804 kuma yana amfani da na'ura mai alƙalami biyu da ke rubuta kwafi lokaci guda. Sau da yawa kuwa bugu ne na ɗab'i. Wasiƙar Jefferson ga Craven Peyton ta 27 ga Nuwamba 1803 wani banki ya buga ta da yawa don talla, har yau mutane na samunta a akwatin kakanni suna murna. A ƙarƙashin madubi, tawadar bugu launi ɗaya ce shimfiɗe, babu inda alƙalami ya ƙoshi, babu inda ya fara bushewa.

Ya kamata ka san manyan masu jabu kamar yadda ka san waɗanda suka kwaikwaya. Robert Spring na Filadelfiya ya cika ƙarni na 19 da cakin banki da takardun izinin wucewa na Washington, kuma yanzu jabunsa sun haura shekara 150, sun tsufa da gaske, tsufa ba ya wanke su. Joseph Cosey ya saci takardar biyan kuɗi ta Franklin daga ɗakin karatun majalisar Amurka a 1929, daga baya ya riƙa yin irinta a kan fararen shafukan tsofaffin littattafan lissafi. Takarda ta gaske ke nan, rubutu na ƙarya. Mark Hofmann na Salt Lake City ya fi su haɗari, shi ne ya kashe mutum biyu da bam a 1985 da asirinsa ya kusa tonuwa. Yana haɗa tawada irin ta da, ya tsufar da ita da sinadari. Masu bincike George Throckmorton da William Flynn sun gano cewa sinadarin yana sa ƙaron cikin tawadar ya tsattsage kamar fatar kada, abin da sai da na'urar ƙara girma ake gani. Bayan duk wannan ne nake ɗauke katin. A sa hannu, gudu nake nema. Mai suna rubutawa yake yi bai ma kalla ba, mai jabu zanawa yake yi: layin yana rawa, yana ɗaga alƙalami a tsakiyar harafi, yana komawa ya gyara, farko da ƙarshen layi sun yi dungu maimakon su sirance. Ina gwadawa da samfuri uku ko huɗu na shekarun da suka yi kusa, domin hannun John Adams na tsufa mai karkarwa bai yi kama da na 1776 ba.

Takarda ma tana da isnadi. Wa ya mallake ta, daga wa ya samu, a wane gwanjo ta fito, a wace shekara? Takardar shaida mai kwalliya daga mai sayarwar da ba a sani ba ba ta ƙara mini komai. Abin da nake nema a rubuce shi ne alkawarin mayar da kuɗi ba tare da wa'adi ba idan ta zama jabu. Akwai kuma haɗarin da ya fi jabu: takardar gwamnati ko ta sata. Jihohi suna da ikon ƙwato takardunsu ko bayan ƙarni. Kwafin gyare-gyaren farko na tsarin mulkin Amurka mallakar jihar Karolina ta Arewa, wanda wani soja ya ɗauke a 1865, hukumar FBI ta ƙwace shi a 2003 lokacin da aka zo sayarwa. A 2011 aka kama Barry Landau yana sata a ɗakin adana tarihi na Maryland. Shi ya sa nake haska kowane lungu ina neman tambarin ɗakin karatu da aka goge ko lambar fensir da aka kankare.

Mai farawa kada ya sa ido a kan mutum 56 da suka sa hannu a takardar ayyana 'yancin Amurka. Button Gwinnett na Jojiya ya mutu a 1777 bayan faɗan bindiga da Lachlan McIntosh, sa hannunsa 51 kawai aka sani, kuma wata wasiƙa mai ɗauke da shi ta kai dala 722,500 a gidan gwanjo na Sotheby's a 2010. Fara da rasit, da takardar bashi, da wasiƙar ɗan kasuwa ko ƙaramin soja. Sai ka taɓa irinsu ɗari hannunka zai san ƙarar takardar tsumma da nauyinta. A gwanjo ka tuna da la'adar mai saye, wadda kan kai kashi 25 cikin ɗari a kan farashin guduma, ga kuɗin aikowa da inshora.

Ajiya ita ce inda aka fi yin asara a hankali. Kowace takarda a buɗe take kwana, ba a ninke ba, cikin jakar takarda marar asid, cikin kwali marar asid. Ledar foliyesta ta masu adana tarihi tana da kyau, sai dai idan tawada tana ɓarewa kada ka sa, domin ledar tana jan ɓarɓashin. Ledar PVC kuwa ko kusa. Zafi kusan digiri 20 na Salshiyas, laima tsakanin kashi 35 da 45, kuma rashin sauyi ya fi lambar muhimmanci. Wanda zai ajiye irin waɗannan a Kano ko Zinder yana da aiki biyu: hunturu na busar da fata ta nannaɗe, damina na tayar da tsatsar tawada da fumfuna. Akwati mai rufewa ruf, da ƙwayoyin silika, da ɗan ma'aunin laima a ciki, a kan kanta nesa da bango saboda gara. Ba na sa salatif, ba na kai wa masu liƙa leda da zafi, ba na taɓa tawadar ƙarfe da ruwa. Yagewa aikin gwani ne, da siririyar takardar Japan da kokon sitacin alkama, domin ana iya cire su gobe. Da wankakken hannu busasshe nake ɗauka, safar hannu tana sa yatsa ya kama gefe ya yage. Abin da na rataye a bango hoto ne, ainihin yana cikin duhu.

Akwai wani rukuni da mu muka fi yawancin dillalan Amurka iya karanta shi: rubutun Larabci na Musulmin Afirka ta Yamma da aka bautar a can. Tarihin rayuwar da Umar ibn Sa'id, mutumin Futa Toro, ya rubuta a Karolina ta Arewa a 1831, ya buɗe shi da Suratul Mulk, kuma ɗakin karatun majalisar Amurka ya saye shi a 2017. Rubutun Bilali Muhammad na tsibirin Sapelo, shafi 13, yana jami'ar Jojiya. Wanda ya yi makarantar allo zai gane hannun nan take, fa da ɗigonta a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Shi ya sa duk tarin takardun tsohuwar gonar bayi da ya fito gwanjo nake roƙon a turo mini hoton bayan kowane shafi da na cikin bangon kowane littafin lissafi, ba na gaba kaɗai ba.