Godiya bayan kwana 11 a gadon asibiti

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, ranar Litinin aka sallame ni, yau kwana uku ke nan ina kwana a ɗakina. Kira da saƙonni sun taru a waya har ban san ta inda zan fara ba, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya gani. In yi godiya, in kuma amsa tambayar da duk mai shigowa dubiya yake yi mini bayan "ya jiki": wai me ya faru ne?

Wanda ya san ni ya san teburina a kasuwar Muda Lawal. Fawa gadonta na yi, a fawar ma kayan ciki na fi riƙewa. Shekara 19 ina wanke tumbi, ina juya hanji, ina ɓamɓare matsarmama daga jikin hanta ba tare da ta fashe ta ɓata nama ba. Ko a duhu ka miƙo mini hanji zan gaya maka na akuya ne ko na sa. Ashe cikin da nake yawo da shi ne ban sani ba.

Na fi shekara biyu ina fama da ƙwannafi da wani zafi a ƙahon zuciya. Yakan tashe ni wajen ƙarfe biyun dare, in na ɗan ci wani abu sai ya lafa. Na ce yunwa ce. In jiƙa kanwa in sha, in kora da nono, gari ya waye in tafi kwata. Ga kuma ciwon baya irin na masu saɓa cinyar sa a kafaɗa, wanda ya sa kullum da asuba sai na haɗiyi haɗin maganin gajiya da nake saya a kemis, ba komai a cikina. Sau biyu na ga bayan gidana ya fito baƙi wuluk kamar kwalta. Ko uwargida ban gaya wa ba, wai ni ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Sai daga baya aka ce mini jini ne yake zuba daga sama, ya baƙanta a hanya kafin ya fito.

Ranar Alhamis bayan isha'i ina rufe ƙofar gida, sai na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙahon zuciya an murɗa. Nan da nan ciki ya sandare kamar katako, zufa ta jiƙa ni sharkaf, ko dogon numfashi ba na iya ja. Godiyata ta farko bayan Allah tana wurin maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da duk layinmu ke kira Goggo. Ta shigo ta tarar ana ƙoƙarin ɗura mini jiƙo. Sau ɗaya ta taɓa cikin ta ce, "Kada wanda ya ba shi ko ɗigon ruwa. A nemo keke." Goggo, Allah ya saka miki da Aljanna. Sai ɗan'uwanmu mai keke da ya riga ya kwanta, ya fito ko takalmi babu, ya kai mu asibiti, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kuma zauna a bakin ƙofa har gari ya waye.

Aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya nuna wa ƙanena wata iska da ta taru ƙarƙashin shamakin nan da ya raba ƙirji da ciki, ya ce iska ba ta da abin yi a nan, in an gan ta to wani wuri ya ɓule. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan na zayyana zancen kanwa da ƙwayoyin kemis da baƙin bayan gida, uwargida tana tsaye tana ji, ba ta ce uffan ba. Kafin assalatu an shiga da ni tiyata. Na farka da roba ta hanci har cikin tumbi tana janyo wani ruwa kore-kore, wata robar a gefen ciki, ga ƙarin ruwa a hannu.

A kwana na uku wani ƙaramin likita ya tsaya a gadona ya ce, "Malam, mene ne sana'arka?" Na ce, "Kayan ciki nake sayarwa, Likita." Ya yi dariya ya ce, "Ashe abokin aiki ne." Ya juya bayan wata takarda ya fara zane, ni kuma ina gane kowane lanƙwasa kamar ina gaban tebur.

Ya ce hanya ɗaya ce tun daga baki har dubura, in an warware ta takan kai mita 9. Aiki tun a baki yake farawa, don yawu da kansa yana narkar da abinci irin na hatsi, shi ya sa in ka daɗe kana tauna gurasa za ka ji ta fara zaƙi. Maƙoshi, mai tsawon kamar santimita 25, ba zuba abinci yake yi ƙasa ba, matsa shi yake yi gaba gaba, daidai yadda muke tatse hanji da yatsu in muna wanki. Tumbin saniya ɗaki huɗu ne, wannan na sani. Na mutum ɗaki ɗaya ne tal, amma yana fitar da wani ruwa mai tsananin tsami, asid, da ke kashe ƙwayoyin cuta ya kuma fara narkar da nama. Na ce, "Likita, tumbin ai shi ma nama ne. Me ya hana ya cinye kansa?" Ya ce wani yauƙi ne kamar na karkashi ya shafe bangonsa ta ciki. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin suna rage wannan yauƙin, kuma irinsu ne na yi shekaru ina haɗiya da sassafe.

Da ma an sami wata ƙwayar cuta a tare da ni, Helicobacter pylori, wadda ya ce kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, galibi ba su sani ba. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano alaƙarta da gyambon ciki a 1982. Da aka ƙi yarda da su, sai Marshall ya kwankwaɗi ƙwayar da kansa a 1984, ya kamu da ciwo don a gani. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Ko a cikin mahauta sai an tona kafin a sami mai irin wannan zuciyar. Barkono da yunwa da muke ɗora wa laifi suna iya tayar da zafin, amma ba su ne ke haƙa ramin ba.

Nawa ramin ma ba a tumbi yake ba, a farkon ƙaramin hanji ne, dab da ƙofar fita daga tumbi, inda asid ke fara sauka. A nan ne ruwan matsarmama, wanda hanta ke yi, yake shigowa ya farfasa kitse kamar yadda sabulu ke yi wa maiƙo. A nan kuma wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, take zubo nata ruwan da ke kashe tsamin. Na ce ashe jiki da kanwarsa, ni ina ta jiƙa ta kasuwa. Nonon da nake korawa da shi kuwa, ya ce yana sanyaya wurin na ɗan lokaci, sannan ya sa tumbi ya ƙaro asid.

Sai na tambayi abin da ya fi damuna: da me aka toshe ramin? Ya ce, "Ka san zanen kitsen nan mai kama da raga da ke lulluɓe tumbi da hanji?" Na ce, "Likita, da shi muke naɗe hanta in za mu gasa." Ya ce, "To naka aka janyo aka ɗora a kan ramin aka ɗinke, aka wanke cikin tas." Ramin bai kai ƙwayar wake ba. Kitsen da nake yagowa in jefa wa mai ciniki a matsayin gyara, shi Allah ya sa ya riƙe mini rai. Na juya fuska bango, don kada ya ga hawayena.

Sauran hanyar bai daɗe a kanta ba: ƙaramin hanji wajen mita 6, cikinsa kamar gashin tawul, shi ke tsotse amfanin abinci ya miƙa wa jini, jini ya fara kai wa hanta, babban hanji mita ɗaya da rabi, shi ke janye ruwa daga abin da ya rage. Amma bayan tiyata hanji yakan yi yaji ya daina motsi, don haka ba ci ba sha sai ya dawo. Kullum da safe sai a ɗora mini abin sauraro a ciki, Sista ta ce, "Malam, ka fitar da iska?" Ni da girmana, ga surukina a zaune. A kwana na huɗu Allah ya kawo ta, wani dattijo da ke gadon kusa da ni ya ce, "Barka, ɗana, an buɗe hanya." Ban taɓa zaton za a yi mini barka da tusa ba. Washegari aka cire robar hanci, aka ba ni kurɓin ruwa, sai ruwan shayi, sai koko tsararo. Wallahi ko balangun da na fi gwanancewa bai kai kokon nan daɗi ba.

Likitocin da suka yi aikin cikin dare, da masu sa barci, da ma'aikatan jinya, da masu shara da ba a cika tunawa da su ba, Allah ya biya ku. Sarkin Fawanmu, ranka ya daɗe, kai ka sa aka zaga da tire a kwata tun kafin in farfaɗo. 'Yan'uwana mahauta, na ga takardar sunayenku, na ga har yaran da ke wanke mana hanji sun sa nasu. Ƙanena da aminina da suka ba da jini, ba ni da abin biyanku. Yaron teburina ya riƙe ciniki kwana 11 ya kawo lissafi ko naira ba ta yi ciwon kai ba. Masu sayar da abinci biyu da nake bi bashi sun aiko da kuɗin har asibiti ba tare da an tambaya ba. Liman da jama'ar masallacinmu, addu'a ta iso. Inna, ki yafe mini tashin hankalin da na jawo miki. Maman yara, ke kika kwana a tabarma bakin baranda cikin sauro, kuma har yau ba ki yi mini gorin abin da na ɓoye ba. Na san yana nan tafe, na kuma shirya.

Yanzu ina kan maganin kashe ƙwayar nan na kwana 14 tare da mai rage asid, an hana ni ɗaga abu mai nauyi har sai likita ya sake dubawa, don haka ba za a gan ni a tebur ba tukuna. Masu kawo mini jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ƙarfin jiki, na gode da niyya, amma Goggo ta kafa doka a ƙofa.

Akwai kular abinci mai ruwan ɗorawa da wani flas ja da aka bari a gadona, mun rasa masu su. An wanke, suna zaure.